Fayafayan rok mai nauyi na 1980: yadda na jera su

Tambaya: Malam, kwanan nan na fara sauraron tsofaffin waƙoƙin rok mai nauyi da hebi metal, sai na ga kowa na cewa babu shekara kamar 1980. In aka ce ka jera fayafayan shekarar daga sama zuwa ƙasa, yaya za ka yi? Ni dai Back in Black na AC/DC nake gani a kan gaba.

Amsa: Ɗan'uwa, zaɓinka ba abin kunya ba ne, kuma in ƙuri'a za a kaɗa kai ne da rinjaye. Amma ni na biyu na sa shi. Kafin ka ce na yi son kai, bari mu fara duba halin da wannan kiɗa yake ciki a lokacin, domin jerin nawa a kansa ya ginu.

A ƙarshen shekarun 1970 manyan gidan duk sun gaji. Deep Purple sun watse tun 1976. Black Sabbath sun fitar da Never Say Die! a 1978, faifan da ko masoyansu ba sa son a tuna musu da shi, kuma a rangadin shekarar yaran Van Halen da aka ɗauko su riƙa buɗe musu fage su ne suka riƙa ƙwace taron. A Afrilun 1979 suka sallami mawaƙinsu Ozzy Osbourne saboda shaye-shayensa ya wuce misali. Ranar 19 ga Fabrairun 1980 aka tsinci gawar Bon Scott, mawaƙin AC/DC, cikin mota a Landan bayan ya kwana yana sha. A Satumba John Bonham, makaɗin gangar Led Zeppelin, ya mutu, a Disamba sauran ukun suka ce sun haƙura. Jaridun kiɗa na Ingila kuwa sun riga sun koma wa kiɗan fank (punk), sabon salon rok mai gajerun waƙoƙi da kaushi, suna kallon masu dogon gashi a matsayin tsohon yayi. To a cikin wannan yanayi ne fayafayan da kake tambaya suka fito, kuma uku daga cikin manyansu mutanen da aka riga aka yi wa ta'aziyya ne suka yi su. Abin da nake aunawa shi ne wa ya fita daga ramin da sabon abu a hannu, ba wa ya fi ciniki ba.

Da wannan ma'auni, Heaven and Hell na Black Sabbath ne na ɗaya. Ya fito a Afrilu, da sabon mawaƙi Ronnie James Dio, ɗan Amurka, wanda bai daɗe da rabuwa da ƙungiyar Rainbow ba. An ɗauki yawancinsa a sitidiyon Criteria da ke Miami, aka ƙarasa a Paris, kuma Martin Birch ne ya haɗa sautin, mutumin da ya yi aiki da Deep Purple da Rainbow, daga baya ya zama na hannun daman Iron Maiden.

Ga inda canjin yake. Kiɗan metal a kan rif yake tsaye, wato gajeren zubin jita da ake ta maimaitawa, wanda yake aiki kamar take: kafin mawaƙi ya buɗe baki ka riga ka san ko wace waƙa ce. Ozzy a zamaninsa na Sabbath yakan bi rif ɗin sau da ƙafa. Saurari Iron Man ta 1970, za ka ji muryarsa da jitar Tony Iommi suna hawa tare suna sauka tare. Dio ba ya yin haka. Yana barin jitar ta yi hanyarta, shi kuma ya shimfiɗa wani karin daban a bisanta, ya ja sauti ya riƙe, ya tsallake inda jitar ta tsaya. Iommi da kansa ya sha faɗin cewa wannan ne ya buɗe masa sabuwar hanyar tsara waƙa. Sakamakon shi ne ƙungiyar da aka sani da tafiyar hawainiya da duhu sai ga ta ta buɗe faifai da Neon Knights a guje, kai ka ce samari ne 'yan shekara ashirin.

Ka zauna da waƙar Heaven and Hell ita kanta, wadda ta kusa minti bakwai, da abin sauraro a kunne. Bayan rif ɗin farko jitar tana ja da baya kusan gaba ɗaya, a bar bes, wato jita mai kaurin murya, da ganga suna tafiya a hankali, taku ɗaya ba ya canjawa, Dio yana waƙa a kan wannan fili. Duk lokacin da jitar ta dawo sai ka ji nauyinta ya ninka, don an sa ka jira ta. Can tsakiya Iommi ya ɗauki dogon kiɗan kaɗaici mai amsa kuwwa, sannan ba zato gangar ta zabura, saurin ya ninka, a yi ta gudu har ƙarshe, sai komai ya lafa a rufe da jitar katako ita kaɗai. Mutumin da ke wannan aiki fa ba shi da kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Injin masana'antar ƙarfe ne ya datse su yana ɗan shekara 17 a Birmingham, da 'yan hulunan roba yake kaɗawa. Ƙara da Children of the Sea, da Die Young, da Lonely Is the Word wadda ta rufe faifan, ka ga waƙoƙi biyar ke nan da babu wadda za a ture. Walk Away ce kaɗai ba ta kai sauran ba, wannan ba na musu. Kuma an yi aikin ne gida na rikici: mai bes Geezer Butler ya tafi na ɗan lokaci kafin ya dawo, makaɗin ganga Bill Ward kuwa yana cikin makokin iyayensa da shan giya, har ya ce bai tuna ɗaukar faifan ba. A Agusta ya bar su ana tsakiyar rangadi.

Tunda na san za a tambaya: alamar nan ta ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa da masu sauraron metal ke yi, Dio ne ya yaɗa ta a wannan rangadi, kuma ya ce a wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya gani, tana yi don kariya daga mugun ido.

Yanzu ga naka. Back in Black ya fito ranar 25 ga Yuli, wata biyar kacal bayan mutuwar Bon Scott. Sun ɗauko Brian Johnson daga arewa maso gabashin Ingila, tsohon mawaƙin wata ƙungiya mai suna Geordie wadda tauraronta ya riga ya dusashe, suka tafi sitidiyon Compass Point a tsibirin Bahamas tare da mai haɗa sauti Mutt Lange. Bangon faifan baƙi ƙirin ne don makoki. Ƙararrawar da ke buɗe Hells Bells ba dabarar inji ba ce. Sun fara gwada ɗaukar sautin wata ƙararrawa a hasumiyar garin Loughborough, amma da an buga sai tantabaru su tashi, ƙarar fikafikansu ta ɓata aikin, dole aka koma maƙerar John Taylor da ke garin aka ɗauki sautin sabuwar da ƙungiyar ta sa a zuba mata, mai nauyin kusan tan guda. An ƙiyasta faifan ya sayar da kwafi kusan miliyan 50 a duniya, abin da 'yan fayafayai ƙalilan suka taɓa kaiwa a kowane irin kiɗa.

Ta fuskar sauti kam babu na biyunsa a shekarar, har yau masu gwada lasifika suna sa shi. Sirrin ba yawan ƙara ba ne, shiru ne. Saurari farkon waƙar Back in Black: bugu uku na jita, kowanne a datse, tsakaninsu fili fetal da ganga kawai ke tafiya a ciki. Malcolm Young na kunnen hagu da jitarsa Gretsch, ƙaninsa Angus na dama da Gibson SG, kuma in ka kasa kunne za ka ji jitocin ba su da ƙazantar sauti sosai, ƙarfin hannu ne da daidaiton lokaci. Phil Rudd a kan ganga ba ya ƙara ko bugu ɗaya da ba a buƙata. Yaran da ke koyon jita sukan ɗauka waƙoƙin AC/DC ne mafi sauƙi, sai sun taru su huɗu su gwada sannan su gane cewa tsayawa tare ya fi farawa tare wuya.

To me ya hana shi zama na ɗaya? AC/DC sun canja mawaƙi amma ba su canja hanya ba. Abin da suka yi a Highway to Hell na 1979, tare da Lange ɗin nan dai, shi suka sake yi, sai dai ya fi kyau da kauri. Wannan ba laifi ba ne, amma ba irin abin da Sabbath suka yi ba ne. Dalili na biyu, Bon Scott mutum ne mai barkwanci da iya zaurance, ko batsa zai yi sai ya naɗe ta da dabara. A wannan faifai wasu baitocin, irin na Given the Dog a Bone, batsa ce tsirara ba ado. In kana jin Turanci ba za ka sa ta a gaban manya ba.

Na uku a jerina shi ne Ace of Spades na Motörhead, wanda ya fito a ƙarshen shekarar. Mutum uku ne rak: Lemmy a kan bes da waƙa, Eddie Clarke a jita, Phil Taylor a ganga. Lemmy ya taɓa zama ɗan ɗaukar kayan shahararren mai jita Jimi Hendrix, ya yi zama a ƙungiyar Hawkwind har suka kore shi a 1975, kuma asalinsa mai jita ne, shi ya sa yake kaɗa bes ɗinsa Rickenbacker kamar jita, yana haɗa tsirkiya biyu uku a bugu ɗaya, sautin na fita a kausashe. Abin da kake ji a daƙiƙun farko na waƙar Ace of Spades, wanda mutane da yawa ke ɗauka jita ce, bes ne. Waƙar ba ta cika minti uku ba, kuma babu daƙiƙa ɗaya da aka ɓata. Mai haɗa sauti Vic Maile ya yi abin da waɗanda suka gabace shi ba su yi ba, ya sa ana jin kowane kaya daban ba tare da ya wanke dattin ba. Lemmy har ya mutu a Disambar 2015 yana cewa su rok an rol kawai suke yi, ba metal ba, amma duk masu kiɗan gudu da suka biyo baya, su Metallica da Slayer, a nan suka sha nono. Kuma su ne ƙungiyar da 'yan fank da masu dogon gashi suke haɗuwa a taronta ba a yi faɗa a kan kiɗan ba. Hoton bangon, inda suka yi shigar kaboyi kamar a hamadar Amurka, a wani ramin yashi aka ɗauka a Barnet, arewacin Landan.

British Steel na Judas Priest ne na huɗu, kuma na san akwai waɗanda za su ce na rage masa matsayi. In wani ya ce in ba shi faifai ɗaya da zai gane mene ne hebi metal, wannan zan miƙa masa. Sun zubar da duk wani saura na kiɗan bulus, suka bar jita biyu na Glenn Tipton da K.K. Downing suna sara tare, muryar mawaƙinsu Rob Halford a sama, waƙoƙi gajeru, duka faifan kimanin minti 36 ne kacal. A Tittenhurst Park aka ɗauke shi, gidan Ringo Starr na ƙungiyar Beatles a lokacin, wanda a da na abokin ƙungiyarsa John Lennon ne, kuma da yake lokacin babu na'urar da za ka danna ta ba ka kowane sauti, da kayan gidan suka yi amfani. Takun mutanen ƙarfe da ake ji a Metal Gods tiren cokula da wuƙaƙe ne ake jijjigawa, fashewar gilashi a Breaking the Law kuwa kwalaben madara ne. Sunan ma ya zo a kan gaɓa, don daga Janairu zuwa Afrilun shekarar ma'aikatan kamfanin ƙarfe na gwamnati mai wannan suna suna yajin aiki, kuma Breaking the Law labarin mutumin da ya rasa aiki ne ya rasa mafita. Abin da ya saukar da shi a wurina shi ne United, wadda aka tsara don a riƙa rerawa kamar a filin ƙwallo, da kuma cewa Priest ɗin sun fi zurfi a Stained Class na 1978. A nan sun sauƙaƙa ne don rediyo, sun kuma dace.

Na biyar Blizzard of Ozz, amsar da Ozzy ya mayar wa waɗanda suka kore shi. Ya fito a Ingila a Satumba, bai isa Amurka ba sai 1981. A gaskiya faifan Randy Rhoads ne, wani siririn saurayi daga Kalifoniya da ya taso a makarantar kiɗa ta mahaifiyarsa, ya shigo da tsarin kiɗan gargajiyar Turawa cikin metal. Kiɗan kaɗaicinsa biyu a Mr. Crowley har yau darasi ne ga masu koyo, kuma yana da ɗabi'ar maimaita kiɗan kaɗaici sau biyu ko uku daidai wa daida a ɗora su a kan juna, shi ya sa sautinsa ke da kauri haka. Ɗan gajeren kiɗan Dee don mahaifiyar tasa ya yi shi. Ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgin sama a Florida a Maris 1982 yana da shekara 25, fayafayai biyu kawai ya yi da Ozzy. Yawancin baitocin kuwa mai bes Bob Daisley ne ya rubuta. Ingancin ɗaukar sautin bai kai na huɗun da ke sama ba, kuma No Bone Movies cike gurbi ce.

Ka kula da wanda za ka saurara. A fitowar 2002 an cire bes ɗin Daisley da gangar Lee Kerslake saboda shari'ar kuɗi da ke tsakaninsu da ɓangaren Ozzy, aka sa wasu suka sake kaɗawa. A 2011 aka mayar da na asali. Nemi na 2011 ko wanda ya girmi 2002.

Daga nan sai yara. Jaridar Sounds ce a 1979 ta raɗa wa tashin sababbin ƙungiyoyin Ingila suna, ta kira shi sabon yayin hebi metal na Birtaniya, kuma 1980 ce shekarar da suka fito fili. Faifan farko na Iron Maiden, shi ma na Afrilu, shi ne na shida a wurina. Steve Harris, mai bes kuma jagoran ƙungiyar, bai taɓa ɓoye cewa ba ya son yadda aka haɗa sautin ba, kuma yana da gaskiya, jitocin sun fito sirara. Amma Phantom of the Opera, mai fiye da minti bakwai da sauye-sauyen tafiya, ta nuna duk abin da ƙungiyar za ta zama, kuma muryar mawaƙinsu na lokacin, Paul Di'Anno, tana da wani kaushin titi da magajinsa Bruce Dickinson, duk da ya fi shi murya nesa ba kusa ba, bai taɓa samu ba. Wani abin sha'awa, wannan faifai da British Steel da Ace of Spades duk a mataki na huɗu suka tsaya a jadawalin cinikin Birtaniya, Heaven and Hell kuwa da na ɗora a sama a na tara ya tsaya. Ka ga ke nan ba jadawali nake bi ba.

Na bakwai shi ne wanda ba lalle ka taɓa jin sunansa ba, Lightning to the Nations na Diamond Head, samari daga Stourbridge. Babu kamfanin da ya ɗauke su a lokacin, da kansu suka buga shi cikin farin bango ba hoto ba sunayen waƙoƙi, suna sayarwa a wurin wasa da ta gidan waya. Wani yaro ɗan Denmark da ke zaune a Amurka, Lars Ulrich, ya haye jirgi zuwa Ingila a 1981 don ya gan su, ya koma ya kafa Metallica a shekarar. Saurari Am I Evil? da The Prince, sannan ka sa faifan Metallica na farko, ba sai an yi maka bayani ba. In da tasiri kaɗai ake aunawa da ya shiga ukun farko. Rashin manaja na ƙwarai ne ya cinye su.

Saxon na Barnsley sun fitar da fayafayai biyu a shekarar, Wheels of Steel da Strong Arm of the Law, kuma da sun tace su sun zama ɗaya da na rasa inda zan kai Iron Maiden. Haka nan na ba Wheels of Steel na takwas. Women and Children First na Van Halen na tara, ba don Eddie Van Halen ya gaza ba, sai don waƙoƙin ba su kai na faifansu na 1978 ba. Na goma Animal Magnetism na Scorpions daga Jamus, albarkacin The Zoo.

Permanent Waves na Rush da ya fito a Janairu ya fi rabin waɗannan kyau, amma ban sa shi ba don a ganina ya riga ya fita daga wannan layi zuwa wani kiɗan daban. On Through the Night na Def Leppard aikin yara ne masu baiwa da ba su gama nuna ba, sai da Mutt Lange ya karɓe su a faifai na gaba. Ready an' Willing na Whitesnake kuma yana da daɗi, sai dai ƙafarsa ɗaya tana cikin tsohon yayin 1974.

Tunda daga AC/DC ka shigo, kada ka faɗa wa Heaven and Hell kai tsaye, zai yi maka kamar ya cika jan rai. Bi ta British Steel tukuna, sannan Ace of Spades, sannan shi. Kuma ka saurare shi a jere daga Neon Knights har Lonely Is the Word, kada ka bar waya ta gauraya maka waƙoƙin, don a zamanin faifan roba aka tsara shi: waƙa huɗu a fuskar farko da ta ƙare da Heaven and Hell, huɗu a ta biyu.